Ruwan Bunu a Rumfar Dattawa

A ƙauyen da aka haife ni, can bayan Ƙarfi, ɗakunan iyayenmu na jinka ne. Idan ciyawar jinka ta tsufa, hayaƙin murhu ya dafa ta shekara da shekaru har ta yi baƙi ta fara ruɓewa, to sunanta ya koma bunu. Ruwan farkon damina idan ya sauka a kanta, yakan ratsa ya riƙa ɗiga cikin ɗaki jaja-jaja, sai uwa ta tara ƙwarya, in ta cika ta kai bayan gida ta zubar. Wannan shi ne ruwan bunu na asali, ko akuya ba a ba ta shi. Ban san wane mai kaifin baki ne ya fara ɗauko wannan suna ya liƙa wa shayin da babu madara a cikinsa ba. Ko wane ne, Allah Ya gafarta masa, domin ya yi ɓarna bai sani ba, kuma ɓarnar ta faɗa kan mutumin da na fi ƙauna a duniya bayan waɗanda jini ya haɗa mu.

Na zo Funtua ina saurayi, da aikin malamin gona. Shi kuwa aminin nawa a lokacin ya riga ya gaji gonakin mahaifinsa a hanyar Maska, yana noma auduga da masara. Da gardama muka fara sanin juna. Na ce shukarsa ta yi cunkoso, ya ce shi bai taɓa ganin takarda ta yi huɗa ba. Kaka ta zo ta raba mu, ta ba ni gaskiya a auduga, ta ba shi gaskiya a masara, daga nan muka ƙulla. Tare muka sauke farali, 'ya'yansa suna kirana Baba, nawa suna kiransa Baba. Dogon mutum ne mai faɗin ƙirji, ba ya fita sai da babbar riga ko da gona za shi, sai ya isa ya tuɓe ya rataye a reshen ɗorawa. Hannunsa a buɗe yake ga na kusa da na nesa. Abu guda ne ba ya iya ɗauka, shi ne a tausaya masa.

Da girma ya cim mana, na ajiye aiki, shi kuma ya bar wa 'ya'ya wahalar gona ya riƙe dubawa, sai muka zama 'yan wata rumfa da ke kusa da tsohuwar kasuwar auduga. Dattawa ne zalla, tsofaffin manoma da 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka huta. Da hantsi ake haɗuwa, a shimfiɗa tabarmi, a taɓa hira har rana ta take. A gefen rumfar akwai teburin wani mai shayi, magidanci mai ladabi ƙwarai, wanda ya gaji teburin daga mahaifinsa. Mu ba ma zama a bencinsa, wannan wurin direbobi ne da matasa. Daga inda muke zaune muke faɗin abin da muke so, shi kuma ya maimaita da ƙarfi don gudun kuskure, sa'an nan ya haɗa, ya sheƙa daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, ya kawo da hannu biyu ya durƙusa.

Saboda wannan maimaitawa, duk abin da mutum ya sha, rumfa ta ji. A wurinmu kuwa shayi ma'auni ne. Wanda Allah Ya buɗa wa yakan ce a haɗa masa mai kauri, wato madarar gwangwani da garin cakulan da sukari har cokali ya yi nauyi. Mai matsakaicin hali ya ce a ɗan rage hannu. Amma ranar da aka ji mai shayi ya ce, "Ruwan bunu ɗaya," babu wanda zai ɗaga kai ya dubi mai shi, don kara, kuma kafin azahar gari ya san wane ya karye. Aminina tun da na san shi mai kauri yake sha, kuma duk baƙon da ya zauna a rumfar shi ke ɗaukar nauyinsa.

Ciwon ya shige shi a hankali, kamar gara. Ƙishirwa ba ta yankewa, ga yawan zagayawa, riga ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Kututturen masara ya soke shi a ɗan yatsan ƙafa, ƙaramin rauni wanda da ƙuruciya ko kallonsa ba zai yi ba, ya ƙi warkewa. Hajiyarsa ce ta aika a kira ni.

"Malam, kai kaɗai yake jin maganarka," ta ce. "Ka kai shi asibiti, ko da ɗaure shi za ka yi."

Likitan da ya duba shi sa'an 'ya'yanmu ne, mai haƙuri da tsofaffi. Ya auna jini, ya ce ciwon sukari ne, kuma jinin ya hau. Ya rubuta magani, ya bi abinci ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan shayi.

"Baba, shayi ban hana ka ba," in ji likita. "Ganyen kansa ba shi da laifi, alheri ma ke gare shi. Yana wartsake jiki, yana kwantar da ciki bayan abinci, kuma in ka saba da ɗacinsa kwaɗayin zaƙi zai ragu. Ka sa citta in kana so, ka sa na'ana'a. Abin da ake tula masa ne ke cin ka. Ba sukari, ba madarar gwangwani, ba garin nan."

Aminina ya dube shi, ya juyo ya dube ni. "Likita, ruwan bunu kake nufi."

"Ko mene ne sunansa, Baba, shi nake nufi."

"To, Allah Ya yi maka albarka," ya ce, ya miƙe. Na san wannan albarka. Ita yake sa wa mutum idan ya gama sauraronsa bai ɗauki ko ɗaya ba.

Da muka fito ya riƙe hannuna. "Malam, amana. Daga ni sai kai sai Hajiya. Namiji ba ya tallar ciwo." Na ce masa ciwo ba sata ba ne. Ya ce ya sani, amma dai amana. Na karɓa.

A gida Hajiya ta tsare komai, magani a kan lokacinsa, tuwo a auna, ganye da yawa. Amma rumfa ba ta hannunta. Ga shi kuwa shekarar tsutsa ta cinye auduga, ya sayar da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, kuma rama ta fito fili, har an fara 'yan ƙus-ƙus. In ya daina zuwa, a ce ɓuya yake. In ya zo bai sha komai ba, a ce babu ce. In ya ce ruwan bunu, ya tabbatar musu da bakinsa. Saboda haka kowace safiya ina zaune ina ji mai shayi yana cewa, "Mai kauri na Alhaji," ina kallo yana shan abin da ke cin sa, yana ba mutane dariya.

Na yi tunanin in share masa hanya. Wata safiya na ce a ba ni ruwan bunu. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Da la'asar mutum biyu suka sallama gidana, kowa shi kaɗai, suna tambaya a sakaye ko fansho ne ya tsaya, ɗayansu har da kwanon masara a ƙarƙashin riga. Da na ba aminina labari ya yi dariya har da hawaye.

"Ka gani ko? Kai kwano aka kawo maka. Ni buhu za a kawo, ranar kuwa sai dai ku haƙa mini kabari."

Mafita ta zo daga inda ban zata ba. Babbar 'yata tana aure a tsaunin Mambila, mijinta malamin makaranta ne a can. Da ta zo ganin gida da babbar salla, cikin tsarabarta akwai ganyen shayi a ƙulli. Ba irin garin nan ba ne da muka saba gani kamar ƙasa. Ganye ne sosai, baƙi, murɗaɗɗe, idan ya ji ruwan zafi sai ya buɗe ka ga siffarsa. Ta ce maƙwabtanta ne ke noma shi, wata mata da mijinta, masu 'yar gona a bayan gida. Yawanci ɗanye suke sayarwa, amma sukan ware kaɗan su murza da hannu su busar, kuma daga hannun matar take saye.

Na aika wa aminina ya zo zaurena, na dafa da kaina, na jefa citta. 'Yar tawa ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ya karɓi kofi don kada ya ba ni kunya a gaban 'ya, ya kurɓa. Sa'an nan ya shiga tambayarta irin tambayar manomi. Wace irin ƙasa ce? Bishiyar ta kai ina? Da me ake tsinka?

"Da hannu, Baba. Toho kawai ake ɗauka, na can sama. Tun da sanyin safiya suke fita, raɓa ta jiƙa su har ƙugu."

"Wa ke riƙe sikeli?"

"Babu sikeli tsakanina da ita, Baba. Kwanonta ne, ita ke aunawa, ita ke yanka kuɗinta. Ba na neman ragi, na ga wahalar da idona."

Ya ajiye kofin. Wanda bai noma auduga ba ba zai gane abin da ya taɓa shi ba. Shekara da shekaru yana kai amfanin gonarsa gaban 'yan baranda, wannan ya riƙe sikeli, wancan ya cusa hannu ya ce ta yi datti, wani ya yanka farashi, shi mai gumin yana tsaye kamar baƙo. Ya sha gaya mini bai taɓa jin wanda ya sa riga ya tambayi wa ya noma audugarta ba.

"Malam," ya ce, "tun yaushe muke shan shayi? Ka taɓa tambayar wa ya tsinko?"

Na ce ban taɓa ba.

"Ni ma haka. Ashe mu ma masu riga ne." Ya ɗauki kofin ya shanye tas. "In don likitanka ne, ba zan sha ba. Amma wannan manomi ya noma, aka ba shi haƙƙinsa a hannu. Wannan zan sha a gaban kowa."

Washegari ya iso rumfa da gwangwani a hannu, ya miƙa wa mai shayi, ya ce a ajiye masa, daga yau shi za a riƙa dafa masa da citta, kada a kuskura a sa madara ko sukari. Mai shayi ya buɗe baki zai maimaita, ya rasa sunan da zai kira, sai ya ce, "Na gwangwani na Alhaji."

A cikin 'yan rumfar akwai taubashinsa, ɗan gwaggonsa, tsohon dillalin shanu wanda ya ƙare ƙarfinsa tsakanin kasuwar Musawa da ta Funtua. Wasan taubasai kowa ya san shi. Abin da wani ba zai iya gaya maka a ɗaki ba, taubashi zai faɗa a tsakiyar kasuwa, kuma ba ka da ikon fushi. Su biyun tun suna yara kowannensu ke cewa ɗan'uwan bawansa ne. Ya miƙa wuya ya leƙa kofin.

"Subhanallahi! Bawana, abin har ya kai haka? Ai da ka faɗa mini, in sayar da akuya in saya maka madara."

"Kai dai tun kana yaro ba ka san komai ba sai gindin saniya," in ji aminina. "Wannan ganye daga kan dutse ya zo, inda gajimare ke kwana. Abin da ake son ɓoye aibinsa shi ake lulluɓewa da madara. Kai wanda kake sha, ka san wanda ya tsinko? Ka san ko an biya shi, ko da hawaye ya tsinka? Ni na san gonar, na san masu ita. Manomi ne ni, na daina shan gumin da ban san an biya ba."

"To, bawana ya hau mumbari! A zagaya da tasa a tara masa sadaka."

Aka yi dariya, amma dariyar bayan aminina ta bi. Wani tsohon alƙali da ke cikinmu ya gyara zama ya ce maganar tana da tushe, domin abin da zai shiga ciki ya kamata a san inda ya fito. Ya nemi a ɗanɗana masa. Ba a daɗe ba mutum uku ko huɗu suka fara roƙona in sa 'yata ta aiko musu, ita kuwa ta sami wani direban babbar mota da ke zuwa Funtua ɗaukar masara, ta riƙa ba shi saƙo.

Wannan lokaci shi ne mafi daɗi a tsufanmu, kuma nakan tsaya a kansa idan ina tunani, kamar matafiyin da ya san abin da ke gaba ya ƙi tashi daga inuwa. Raunin ƙafa ya rufe. Ƙishirwa ta lafa, fuskarsa ta ciko, ya koma hawa bayan babur zuwa Maska yana yi wa 'ya'yansa faɗa a kan taki. Hajiya ta shuka na'ana'a a tsohuwar tukunya, kullum ya fito da 'yan ganye a aljihu. Ba na cewa shayi ne kaɗai ya yi wannan aiki, domin yana shan maganinsa, kuma Allah ne mai warkarwa. Amma likita da ya sake auna shi ya yi murna, ya ce ƙofar da sukari ke shigowa ce aka rufe. Ni ma da na bi shi na daina jin nauyin nan da kan danne ni da hantsi. Muka gane cewa shayi yana da ɗanɗano nasa na kansa, wanda muka shekara muna binnewa ba mu sani ba.

Da damina ta yi nisa, hanyar tsaunin ta lalace, direban ya daina zuwa. A daidai lokacin kuma yayana ya kwanta ciwo a Malumfashi, na tafi jinyarsa na daɗe. Ina can ganyen gwangwanin ya ƙare.

Abin da ya faru daga baya mai shayi ya gaya mini da bakinsa, yana kuka. Ya buɗe gwangwani ya ga babu komai, ga Alhaji ya zauna ya ce a kawo. Shi kuwa mahaifinsa ya hore shi cewa ba a ce wa babba babu a gaban mutane. Ya ga idan ya ɗaga murya ya ce na Alhaji ya ƙare, ya tozarta shi. Sai ya juya baya, ya farke ƙullin ganyen kasuwa ya juye a ciki, ya ƙara citta da yawa, ya kai. Washegari ma haka, yana jiran in dawo. Ni dai na tabbata aminina ya gane tun kurɓar farko, mutumin da kan shinshina ƙasa ya faɗi abin da za ta yi. Ya yi shiru ne, ya rufa wa mai shayi asiri, ya rufa wa kansa.

Safiyar da na dawo rumfa, ana cikin yi mini barka da zuwa da tambayar mai jiki, taubashin ya tashi ya nufi tebur neman ruwan wanke hannu. Ya tarar da mai shayi yana juye ganyen kasuwa a gwangwanin. Ya fizge gwangwanin da takardar ganyen, ya dawo yana ɗaga su sama kamar wanda ya kama ɓarawon saniya.

"Jama'a, ku zo ku ga dutsen! Ga inda gajimare ke kwana, a shagon bakin tasha! Bawana, ina gonar? Ina masu gonar? Ashe duk wa'azin nan ruwan bunu aka naɗa wa rawani!"

Rumfa ta fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na rantse, irin wadda ake yi ce idan taubashi ya ci taubashi. Da a wata shekara ce, da aminina ya rama da wadda ta fi ta. Amma na ga idonsa ya bi fuskokin mutane, ya tsaya a kan mutum biyu da ba su yi dariya ba, sun sunkuyar da kai suna wasa da carbi. Waɗannan su suka kashe shi, domin ya san abin da sunkuyawar take nufi.

Na buɗe baki zan yi bayanin hanya da direba. Ya ɗora hannu a gwiwata. Sa'an nan ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda har masu benci za su ji.

"Mai shayi! Haɗa mini mai kauri, wanda cokali zai tsaya a ciki. Ka haɗa wa kowa, har da wannan bawan nawa, ko ya daina leƙen tukunyar mutane."

Mai shayi ya dube ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya maimaita, ya haɗa.

A hanyar gida na yi wa aminina magana irin wadda ban taɓa yi masa ba. Na ce ya sake ni daga amanar, kalma ɗaya zan faɗa, kowa ya fahimta. Na ce rabin dattawan nan in an auna su ba za a rasa wani abu ba. Na ce lafiya uwar jiki ce, kuma yana da jikoki. Ya saurare ni har muka iso ƙofar gidansa.

"Malam, ka gama? In ka ce ciwo ne, sun san ƙarya na yi musu a kan manomi. In ka yi shiru, sun ce karaya ce. Gara su ce wasa ne taubashi ya ci, na biya tara, aka wuce wurin."

"Ai ba ƙarya ka yi ba, Alhaji. Ganyen na gaskiya ne, matar tana nan da ranta."

"Ni da kai muka sani. Mutunci madara ne, Malam, in ya zube ba ya kwasuwa."

"To, madarar ce kuwa za ta kashe ka."

Ya yi dariya, ya ce wannan ta fi ta taubashin, ya shige gida.

Da rani ya shigo hanya ta gyaru, saƙo ya iso, ƙulli babba. Na kai masa. A gida yakan sha, Hajiya ta dafa masa da yamma, kuma yakan tambayi lafiyar masu gonar kamar danginsa. Amma gwangwani bai sake komawa rumfa ba. Kullum da hantsi mai kauri ne, wani lokaci har biyu idan ya ga ana kallonsa. Mai shayi ya gwada rage sukari a ɓoye, aminina ya mayar masa da kofin ya ce shi ba yaron goye ba ne. Na yi fushi na ƙaurace wa rumfar, na ga babu abin da ya sauya sai dai ya rasa mai harararsa, na dawo.

Ban iya ba da labarin abin da ya biyo baya dalla-dalla, kuma ba na so. Gani ya fara dushewa, ya riƙa gaishe da mutane da sunan wasu. Wani sabon rauni ya fito a ƙafar, wannan karon bai rufe ba. Aka kwantar da shi, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, daga ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. A ranar ce gari ya san abin da ke damunsa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Taubashin ya same ni a barandar asibiti. Ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya ba sai ranar.

"Malam, tun yaushe?"

Na gaya masa.

"Har ranar gwangwani?"

Na ce har ranar.

Ya dafa bango. "Me ya hana ku gaya mini? Ɗan kawuna ne fa. Da na sani, wallahi da ni zan fara sha, in zagi duk wanda ya sa madara. Da bakin nan nawa zan kore ta daga rumfar gaba ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, zai iya, kuma daga ni har aminina babu wanda wannan ya faɗo wa a rai. Na ce masa amana aka ba ni. Ya ce ya sani. Har yau idan malamai suna karatu a kan amana nakan kasa kunne, ko zan ji inda aka yi magana a kan irin tawa, ban ji ba tukuna.

Da aka sallamo aminina, zaure ya zama duniyarsa. Idon ya tafi gaba ɗaya. Kowace safiya taubashin kan riga ni zuwa, ya hura gawayi da kansa, ya dafa ganyen Mambila da citta, ya fifita, ya sa masa kofin a hannu. Ya daina ce masa bawana. Sai Alhaji, sai sannu, sai ya ƙarfin jiki. Aminina ya jure wannan na ɗan lokaci. Wata safiya ya ajiye kofin a kan tabarma, ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin mutumin.

"Wai kai wane ne? Ina aka kai mini bawana?"

"Ga ni, Alhaji."

"Alhajin me? Ciwo ya ɗauke mini ido, ya ɗauke mini ƙafa, kai kuma za ka ɗauke mini wasa? Ga gurgu, ga makaho, ga abin sha a hannunsa babu madara. In ba ka sami abin faɗa a nan ba, ai ka ji kunyar dillanci. Zage ni mana."

Taubashin ya buɗe baki. Na ga yana nema, leɓensa na motsi. Ya ce, "Kai dai…" sai muryar ta karye. Ya tashi ya fita waje, muna jin sa yana fyace hanci a gindin bango.

Aminina ya lalubi kofin ya riƙe. "Malam," ya ce, "je ka dawo da shi. Ka ce masa ya yi a hankali, ba sauri nake ba."

Na fita na dawo da shi. Ya ci gaba da zuwa kowace safiya har Allah Ya karɓi ran aminina a farkon kaka, ana cirar auduga. Amma taubashin bai sake iya yin wasan ba.